Yarinyar da farin wata ya raka

Na shiga motar da littafin rubutuna a jaka, rabon da in ɗiga masa harafi an fi kwana casa'in. A zatona abin rubutawa ya ƙare mini, sai in na je wata uwa duniya na ga abin da ido bai saba gani ba.

Da rana tsaka muka tashi. Kusa da ni wata baiwar Allah ce da 'yarta, wadda ba za ta wuce shekara shida ba, ta manna goshi a gilashin taga. Ba mu yi nisa ba ta ce, "Mama, ga ruwa can a kan titi, me ya sa ba ma isa wurinsa?" Uwar ta ce kawalwalniya ce, ta koma gyangyaɗinta. Ni kuwa na ɗaga kai. Na sha ganin kawalwalniya tun ina yaro, amma ranar na fara tsayar da ido a kanta. Kwalta ta ɗau zafi, iskar da ke dab da ita ta fi ta sama zafi da rashin nauyi, sai hasken da ke saukowa ya lanƙwasa ya dawo cikin idonmu. Ashe sararin samaniya muke gani shimfiɗe a kan hanya!

Yamma ta wuce cikin ƙura da gajiya. Bayan isha'i farin wata ya fito, yarinyar ta taɓa hannuna.

"Kawu, wata yana bin mu."

Na ce, "Dubi itatuwan bakin hanya, 'yata." Suna ta gudu baya. Duwatsun can nesa kuwa da ƙyar suke matsawa. Na gaya mata shi wata nisansa da mu ya kai kilomita 384,000, don haka ko mun ci kilomita ɗari, a wurinsa kamar ba mu gusa ba. Na ƙara mata da cewa hasken ma aro ya yi daga rana, kuma hasken rana sai ya yi kimanin minti 8 a hanya kafin ya iso duniya.

Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Ni dai na san ya gane ni ne."

Maganarta ta ratsa ni. Lissafin nan na san shi shekara da shekaru, bai taɓa sa ni ɗaukar alƙalami ba, don sabo ya rufe mini ido. Duk labarin da na taɓa rubutawa har ya taɓa zuciyar wani, daga irin wannan ƙaramin abu ya tsiro, abin da kowa ke wucewa ta gabansa kullum.

Na ciro littafin, na haska shi da fitilar waya. Motar tana girgiza, rubutun yana karkacewa, ban tsaya ba sai da na cika shafi huɗu. Gab da asuba suka sauka. Uwar tana jan hannunta, ita kuma tana waiwaye sama, tana duba ko ya sauka tare da su.