Abin da Na Koya daga Rubuta Kundi a Kan Shagunan Punk na Landan

Tunda na miƙa kundin digirina na biyu na kuma bar sashen, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Malamin da aka ɗora wa duba aikina labari ɗaya ya haddace game da asalin punk, wato salon kiɗa da shiga na matasa masu bore, a Ingila: Malcolm McLaren da Vivienne Westwood sun kama shagon tufafi mai lamba 430 a titin King's Road a 1971, suka yi ta sauya masa suna har ya koma SEX a 1974, sannan ƙungiyar mawaƙa ta Sex Pistols ta fito daga cikinsa a 1975. Ban musa ko ɗaya ba, sai dai na ga an cika kallon masu shagon an manta da masu tsaron kanti.

A kansu na gina babi na uku. Glen Matlock yaron shagon ne na ranar Asabar kafin ya riƙe gitar bass a Sex Pistols. Pamela Rooke, wadda aka fi sani da Jordan, tana hawo jirgin ƙasa daga Seaford zuwa aiki da gashi a tsaye da baƙin kwalli har gefen fuska, kuma shigarta ce matasa suka kwaikwaya tun kafin yawancinsu su iya sayen riga ɗaya a wurin. Don Letts, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, yana kula da wani shagon tufafi mai suna Acme Attractions a titin, kuma da aka buɗe gidan rawa na Roxy a ƙarshen 1976 shi ke saka faifai. Da yake faya-fayan punk ba su taka kara sun karya ba a lokacin, sai ya cike gurbin da reggae, abin da ya yi tasiri a kiɗan ƙungiyar The Clash.

Malamin ya bi babin da jan biro, ya rubuta a gefen shafi cewa wannan tsegumi ne ba bincike ba, kuma ba zai sa hannu ba sai na cire shi. Na cire, domin biza da kuɗin makaranta ba sa jiran gardama. Bayan 'yan watanni na zauna a taron ƙara wa juna sani na sashen ina sauraronsa yana gabatar da hujjata, da misalaina a jeren da na tsara su, ba tare da ya ambaci sunana ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na kai ƙara, amsar da na samu ita ce tunani yakan cakuɗu tsakanin malami da ɗalibi.

Ga masu zuwa bayana, ku tura kowane daftari ta imel domin kwanan wata ya zama shaida, kuma ku tambayi tsofaffin ɗalibai kafin ku amince da mai duba aiki.

Sauran darasin daga mawaƙan Buzzcocks na Manchester na ɗauke shi, waɗanda a Janairun 1977 suka ranci kuɗi wurin dangi da abokai suka buga faifansu da kansu, shaguna masu zaman kansu irin su Rough Trade suka sayar musu. Babin nan na yi masa hoto a injin kwafi, na ɗinke shi da abin maƙala takarda, da sunana da kwanan watan daftarin farko a bango, kuma wani shagon faifai ya karɓa yana sayarwa fam uku.