Kafin ku ce abin kunnen ya lalace

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar na'urar ji nake son mu yi, irin wadda ake rataya wa a bayan kunne ɗin nan mai siririn tiyo da ke gangarowa ya shiga cikin kunne, don wallahi abin na damuna. Gidaje nawa ne a garin nan 'ya'ya sunka haɗa kuɗi da ƙyar anka sayo wa tsoho ko tsohuwa, bayan wata biyu ka tambaya a ce maka ai ta lalace tana cikin durowa. Kuma mafi yawansu ba lalacewa sunka yi ba, ko ruwa ya tsaya a tiyo, ko datti ya toshe, ko batir ne kawai ya mutu, amma da yake ba wanda ya zaunar da mutanen gida ya nuna musu sai a haƙura a koma ɗaga wa tsoho murya. Innarmu na sa irinta kuma ni ce mai kula mata da ita, to abin da na koya a wajen masu gwajin ji da abin da na gani da idona shi zan faɗa muku.

Ita na'urar ba wani abu mai rikitarwa ba ce. Jikin da ke kwanciya bayan kunne shi ke ɗauke da komai, akwai ɗan makirfo da ke ɗauko sauti ta wasu ƙananan ramuka a sama, akwai abin da ke ƙara wa sautin ƙarfi, akwai 'yar sifika, sai batir a ƙasa. Daga nan sautin ya bi ta ƙugiyar da ke saƙale a kan kunne, ya bi tiyo, ya shiga robar da anka auna da kunnen mutum. Robar nan ta mai ita ce shi kaɗai, don sai an zuba wani abu mai laushi a kunne an ɗauki siffarsa kafin a yi ta, shi ya sa ba a aro ba a gado. In biyu ce ku duba alama, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu, kuma kowace an saita ta ne daidai da abin da kunnen ya rasa.

Wannan saitin shi ne dalilin da ya sa nake roƙon mutane su fara zuwa asibiti. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. A duba kunnen tukuna, wani ma dauɗa ce ta cushe a ciki ana wankewa ji ya dawo, wani kuma ruwa kunnen ke yi sai an yi magani. In ta tabbata jin ne ya ragu sai a yi gwaji a ga waɗanne sautuka ne sunka ɓace. Yawancin tsofaffi siraran sautuka suke fara rasawa, shi ya sa za ka ji Inna ta ce ina jin kuna magana amma ban gane mi kuke cewa ba. Na'urorin da ake sayarwa a kan tebur ko a intanet ba gwaji ba komai, komai suke ƙara wa ƙarfi gaba ɗaya, kukan akuya da ƙarar janareto da maganar mutum, kan tsoho ya ɗau ciwo ya cire ya ce shi ba ya so, kuma yana da gaskiya.

Ko mai kyau ce anka saita, makonnin farko akwai wuya. Mutumin da ya shekara da shekaru bai ji ƙarar takalminsa ba, rana ɗaya ya ji fanka, ya ji cokali na bugun kwano, ya ji muryarsa ta canza masa, dole ya rikice. Kar a sa masa yau a kai shi gidan biki gobe. A fara a ɗaki, mutum ɗaya na masa magana, awa kaɗan, kullum ana ƙarawa har ƙwaƙwalwa ta saba. Inna kan ce min, ke 'yar nan cire min abin ga ya cika surutu, ni kuma in ce Inna ki ƙara haƙuri zuwa la'asar sai mu cire. A haka a haka har ta kai da ta idar da sallar asuba ita ke neman ta da kanta.

To yanzu ga inda garinmu ya bambanta da inda anka ƙera abin. Ruwa, zufa, ƙura da zafi, duka huɗun muna da su da yawa.

Ruwa tukuna, don mu sau biyar a rana muna kai jiƙaƙƙen hannu kunne. Duk alwala akwai shafar kunne ciki da waje, kuma bayan kunnen nan da babban yatsa ke bi nan na'urar take zaune. A cire ta kafin a fara, a sa a aljihu ko a ɗan akwatinta, ba a kan bakin rijiya ko gefen buta ba inda za ta faɗa ruwa ko yaro ya ɗauke. In an gama a ɗan jira kunnen ya sha iska ko a goge da gefen mayafi sannan a mayar. Maza masu alwala a masallaci ran Juma'a cikin cunkoso, gara a yi alwalar tun daga gida a saka abin a tsanake. Wanka kuwa ba sai an faɗa ba, haka in hadari ya taso kana kan kabu-kabu, cire ka sa a aljihu.

Zufa ta fi ruwa ɓarna a wajena saboda ba a ganin shigarta kuma akwai gishiri a cikinta, shi ke sa wajen batir ya yi tsatsa. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a nan, mace na cikin ɗankwali da hijabi, bayan kunne jiƙe yake sharkaf tun hantsi. Abin da muke yi, in rana ta take Inna ta cire na ɗan lokaci a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi a goge bayan kunnen. Da dare kuma dole a buɗe ƙofar batir a bar ta a buɗe, hakan na kashe na'urar batir ya huta, iska kuma ta shiga ta busar da ciki. Akwai ɗan gwangwanin busarwa da ake sayarwa tare da ita mai ƙwayoyin da ke tsotse danshi, irin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi. A cire batir a ajiye gefe, a sa na'urar ciki a rufe har safe. Kar a shanya ta a rana don Allah, kar a kai ta kusa da garwashi, kar a bar ta cikin motar da anka rufe a rana, roba ce da ƙananan wayoyi, zafi na lanƙwasa su.

Mata ga namu na musamman. Humra da turare da muke ɗigawa a bayan kunne, man kitso, hoda, hayaƙin turaren wuta, duk suna toshe ramukan makirfo, kuma mai in ya haɗu da ƙura ya zama wani abu mai danƙo da buroshi ba ya fitarwa. A gama shafe-shafe da turara jiki, a wanke hannu, na'ura ita ce ƙarshen sakawa. Ranar kitso ma a cire a ajiye har a gama.

Sai lokacin ɗari in hazo ya sauko, daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ƙurar da ke shiga ko'ina har cikin kwanon da anka rufe. Kullum da dare a ɗauki ɗan buroshin da ya zo da ita, in babu a sami sabon buroshin haƙori mai laushi na yara, a kifa na'urar ramukan na kallon ƙasa sannan a share, don ƙurar ta zubo waje maimakon ta ƙara shigewa. Kar a tsokana ramin da allura ko tsinke.

Tiyo da roba su ne inda aka fi samun matsala kuma su ne mafi sauƙin gyara. In na'ura ta yi shiru ɗaga ta ka dubi tiyon a haske, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigon ruwa ya tsaya a tsakiya, wannan ɗigon kaɗai ya isa ya tare sauti gaba ɗaya. Ko ka ga dauɗar kunne ta toshe bakin robar. Sai a zare tiyon daga jikin ƙugiya a hankali, ba daga jikin roba ba, a ajiye na'urar can nesa da ruwa, a wanke robar da tiyonta da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, a yarfe, a bar su su kwana su bushe. Akwai 'yar roba mai hura iska da ake matsawa ta fitar da ruwan tiyo, ta fi hurawa da baki don numfashi ma danshi ne. Wankin sau ɗaya a mako ya isa, amma gogewa kullum ne. Ban da sifirit, ban da kananzir, ban da ruwan zafi. Shi kuma tiyon da kansa yana tsufa, sabo laushi gare shi kuma garau kake gani ta cikinsa, in ya yi tauri ya koma ruwan ɗorawa to ya kusa tsagewa, ana canza shi kamar duk wata 3 zuwa 6, kuma a zafin nan namu ya fi saurin bushewa.

Fito kuma, wannan tsiiii ɗin da ke sa tsoho jin kunya a cikin mutane. Sautin da ya kamata ya tsaya cikin kunne ne ke zillowa ya koma makirfo. Ko robar ba ta zauna daidai ba, ko tiyo ya tsage, ko dauɗa ta cika kunnen, ko an ƙure ƙarar, ko hijabi ko hula ko rawani ya matse kan makirfon. Mafi yawa dai rashin zaman robar ne, akwai ɗan ƙahonta na sama da ya kamata ya shige ƙarƙashin naɗin kunne, in ya tsaya a waje sai fito kuma sai ya goge fata ya yi ciwo. Ku tsaya gaban madubi da mai ita ku koya tare. Amma fiton na da amfani guda, in kana son sanin ko tana aiki, kunna ka dunƙule ta a tafin hannu ka kai kusa da kunnenka, in ta yi fito batir na da rai.

Batir ɗin ma ba irin na agogo ba ne ko da sun yi kama, da iska yake aiki, shi ya sa akwai sitika a bayansa. Da ka ɓare sitikar ya fara ci ko ka sa ko ba ka sa ba, mayar da ita ba ya tsayar da shi, don haka kar a ɓare sai za a yi amfani, kuma in an ɓare a jira kamar minti ɗaya iska ta shiga kafin a saka. Lamba gare su da kala, 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi, na bayan kunne yawanci 13 ne ko 675 ga masu ƙarfi sosai. Ka riƙe kalar taku a ka, in za ka aiki yaro ka ba shi tsohon kwalin. Lamba 13 kan yi mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon yadda ake amfani. Ba a samunsu a kowane shago, to in ka samu ka sayi kwali fiye da ɗaya ka duba ranar lalacewa, ka ajiye a inuwa, ba a firij ba, ba kuma cikin aljihu tare da makulli da tsabar ƙarfe ba. Akwai masu caji yanzu, suna da daɗi ga tsohon da yatsunsa ke rawa, sai dai ka yi tunanin wutar unguwarku kafin ka saya.

Wannan kuma da babbar murya nake faɗa, gidajenmu cike suke da jikoki masu rarrafe. Batirin nan ƙarami ne mai sheƙi, yaro na gani baki zai kai. Batirin da ya mutu kar a yar a tsakar gida, a tara a kwalba mai murfi a sama. In yaro ya haɗiye ko ya tura a hanci ko kunne, asibiti nan take, ba a jira a ga ko zai fito, ba a sa shi amai.

Kuma ba tsofaffi kaɗai ke sa ta ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako kan matsalar ji, miliyan 34 a cikinsu yara ne, mu kuma nan yankin sanƙarau ne, wanda ya ga annobar 1996 ko ta 2017 ya san yara nawa sunka tashi daga ciwon ba sa ji. In ɗanki na sa na'ura, kunnensa girma yake, robar da ta zauna daram bana baɗi ta yi masa sako-sako, ƙananan yara ma cikin 'yan watanni. Da kin ji fito ya yawaita ki kai a sake aunawa, kar ki rage ƙarar don fiton ya tsaya, in kin rage kin rage masa ji ne. Ki duba ta da kanki kowace safiya kafin ya tafi makaranta don shi ba zai ce miki ta mutu ba, ki kuma ɗaura mata ɗan zare ki maƙale a rigarsa.

Mu ma mutanen gida da namu aikin. Na'urar ba ta mayar da kunne sabo, a cikin hayaniya har yanzu Inna na shan wuya. Ba ihu take buƙata ba, ihu ma ɓata sautin yake. Ka zo gabanta ta ga bakinka, ka kira ta tukuna ta juyo, a rage rediyo, ka yi magana a tsanake, in ba ta gane ba ka sauya kalmar maimakon maimaita guda da ƙarfi. Kuma in kun ga kunnen na ruwa ko ciwo ko ƙaiƙayi mai yawa, ko jin ya faɗi farat ɗaya alhali batir sabo ne tiyo a buɗe, a cire na'urar a tafi wajen likita a ranar. Ko ba komai ma a riƙa komawa ana sake gwajin ji kamar sau ɗaya a shekara, a tafi da na'urar su buɗe su share su gyara saitin in jin ya canza.