Yau na tsayar da magana, .308 zan yi

Asabar. Alhamdulillahi yau dai na yanke shawara kan bindigar farautar da nake son haɗawa, .308 Winchester zan yi, an gama. Wannan ita ce kaliba, wato girma da nau'in harsashin da bindigar za ta ci. Na daɗe ina jujjuya abin a raina tsakaninta da 6.5 Creedmoor da kuma tsohuwar .30-06, kowacce in na zauna da ita sai in ji kamar ita ce.

Da safe na baje takarduna na sake bi a hankali, wace dabba nake bi, daga wane nisa nake harbi, shi ke nan fa tambayar. Ni barewa nake bi da makamantanta, kuma da wuya in ɗana kunama a kan abin da ya wuce mita 200, to me zan yi da magnum, wato kaliba mai ƙarfi sosai, mai shurin da zai sa in riƙa runtse ido tun kafin ta tashi? Wanda ke tsoron shurin bindigarsa ba ya saiti daidai, kuma wallahi babu abin da na tsana irin a raunata dabba ta gudu daji da ciwo ta je ta mutu a wahale. Harbi ɗaya a inda ya dace, ta faɗi nan take, shi ne haƙƙinta a kaina.

Creedmoor ta so ta ja ni gaskiya. Kamfanin harsashi na Hornady ne ya fito da ita a 2007, shurinta da sauƙi, harsashinta siriri ne dogo yana ratsa iska da kyau in nisa ya yi nisa. Amma wannan fifikon nata sai can da nisa sosai yake bayyana, inda ni ba na zuwa. Ita kuwa .308 tun 1952 take hannun mafarauta, harsashinta kusan duk inda ake sayar da harsashi bisa ƙa'ida za ka samu, daga mai nauyin giren 150 har 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), ga bututunta yana daɗewa bai cinye ba. .30-06 ma ba abin rainawa ba ce, tun 1906 take, sai dai kwansonta milimita 63 ne, na .308 kuwa 51, don haka sai doguwar uwar bindiga, wato sashen ƙarfen da ake ɗaura bututu a jikinsa, ƙarin nauyi ke nan a kafaɗa ranar da za ka wuni kana tafiya.

Da rana na je wajen dattijon da ke mana aikin bindiga, mai lasisi, na nuna masa jerin kayan da na rubuta. Ya sa tabarau ya bi da yatsa layi-layi bai ce komai ba, can ya ce, "Yaro, kaliba ita ce uwar gida, duk sauran kayan bin ta suke." Na ce haka ne Baba. Sai ya zaro sakata guda biyu daga aljihun tebur, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, ya juyo min fuskokinsu, ya ɗauki kwanson .308 wanda babu komai ciki ya ɗora a ta farko ya zauna ɗas, ya ɗora a ta biyu ta magnum sai ga shi yana lilo, fili ya rage a gefe. Fuskar da nake buƙata inci .473 ce, ita ce kuma ta .243 da 7mm-08 da ita kanta Creedmoor ɗin, wato ko wata rana ra'ayina ya canja bututu kawai za a sauya, wannan ya kwantar min da hankali ƙwarai.

Mun daɗe a kan murɗin cikin bututu, abin da mutane da yawa ba sa kula da shi sai sun saya. Ya haska min fitila ta ciki na ga layukan nan suna nannaɗewa, su ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Na .308 zagaye ɗaya a inci 10 muka tsayar saboda ya riƙe masu nauyi ma, Creedmoor da ita na ɗauka sai ɗaya a inci 8 don dogon harsashi yana son murɗi mai sauri. Tsawo inci 22. Uwar kuma gajera, mai ƙirar Remington 700, saboda kota da kunama da mazaunin madubi masu dacewa da ita sun fi na kowa yawa.

Abu ɗaya da na ce ba zan taɓa da hannuna ba shi ne ɗaura bututu da auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. Baba zai yi da ma'aunansa guda biyu, sakata ta rufe a kan ɗaya ta ƙi rufewa a kan ɗayan, in tazarar ta yi yawa kwanso na iya fashewa dab da fuskar mutum. Ita ma uwar sai takardun izini sun kammala tukuna zan karɓa.

Saura madubi da kota, katako nake so duk da na san na roba ya fi jure ruwa. Baba ya ce in dawo Talata da nauyin harsashin da na zaɓa, ina ganin 165 ne.