Gammon da ke kafaɗar rigar Kakana

A gidanmu na taso ina jin cewa Kaka ya yi yaƙin Boma, kuma shi kaɗai ya kashe Japanawa ba adadi. Ya rasu tun ina goye. Bara, da muka je gida bikin ƙanwata, Gwaggo, wadda ita ce kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonta ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai boko, duba min abin da Baba ya bari kafin gara ta gama da shi."

Abu uku na tarar: lambobin yabo guda biyu, da littafin sallama da ruwa ya taɓa, da wani ɗan ƙyalle da aka ɓalle daga kafaɗar riga. Da lambobin na fara, kuma nan na ɓata tsawon wata guda a banza. Ɗayar tauraro ce mai tsini shida, zarenta ja a tsakiya, gefe shuɗi da ratsin ruwan lemo, wato tauraron Boma. Na yi ta juya ta ina neman suna. Ashe Ingila ba ta buga sunan kowa a bayan irin waɗannan lambobi na yaƙin duniya na biyu ba. Lambar aikinsa da ke cikin littafin sallama, mai farawa da NA, ita ce ya kamata in riƙe tun farko. Suna ma ba abin dogaro ba ne, don masu ɗaukar kurtu sukan rubuta sunan mutum ne su liƙa masa sunan garinsu, sai ka sami mutum goma da suna ɗaya.

Ƙyallen nan da na raina shi ne ya buɗe min hanya. Māsu biyu ne a gicciye bisa wani zagaye. Ina ta kallonsa ban gane ba, sai Gwaggo ta karɓa ta matso da shi kusa da idonta ta ce, "Ai gammo ne wannan." Gaskiyarta. Tambarin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, gammon ɗan dako da māsu. Takwararta ta 81 kuwa gizo ta ɗauka.

Daga nan labarin ya fara zama a gurbinsa. Rundunar da Kaka ya shiga tsatson wadda Lugga ya fara haɗawa ce a 1897, wadda aka kira rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Ba zan ɓoye ba, wannan ɓangare ya yi min nauyi: ita dai wannan rundunar ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, ta kuma ƙone Satiru a 1906. Masu riƙe da bindigogin kuwa yawancinsu 'yan ƙasa ne. Shekara arba'in bayan haka, Kakana ya sa kakinta. Na kwana biyu ina juya abin a raina kafin in ci gaba.

A 1944 aka kwashi runduna ta 82 a jirgin ruwa zuwa Indiya, ƙarshen shekarar suka shiga yankin Arakan na Boma. A Janairun 1945 su da 'yan 81 suka karɓe Myohaung, garin da barikin Yaba a Legas ya ci sunansa. Ƙasa ce ta tsaunuka da kurmi da koguna, mota ba ta da hanya. Jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi da laima, daga nan kuma sai kan mutum. Saboda haka aka kafa ƙungiyoyin sojoji na musamman masu ɗaukar kaya a ka, su sare daji da adda, su ɗauko wanda aka harba a kan makara. Da na sa wani tsohon soja a ƙungiyar mazan jiya ta garinmu ya karanta min gajerun haruffan da ke littafin sallamar, sai ya ɗago ya ce, "Yaro, kakanka cikin masu kaya yake."

Da fargaba na koma wurin Gwaggo, don ina ganin zan rushe mata gwarzon da ta riƙe shekara saba'in. Na durƙusa na faɗa mata a hankali. Ta yi shiru, can ta ce ai ta sani. Ta ce tsakiyar kansa ba gashi, fatar wurin ta yi kanta kamar tafin ƙafa, kuma in damina ta kankama ba ya barci, sai ya zauna a zaure yana cewa ruwan Boma ba ya ɗaukewa. Ta ce ya taɓa ba su labarin wani Bature da ya goya ya haye da shi kogi, ruwa har wuya. Labarin Japanawa ba adadi kuwa samarin unguwa ne suka ƙirƙira, shi bai taɓa faɗa ba.

Ban taɓa tambayarta ba, shi ya sa ban taɓa ji ba. Na yi wata huɗu ina bin takardu da intanet, alhali wadda ta shafa kan nan da hannunta tana ɗaki ɗaya da adakar. Ranar na kunna wayata na ajiye a kan tabarma, ta yi magana har aka kira la'asar. Littafin sallamar na ɗauke shi hoto shafi-shafi, na tura wa 'yan'uwa, na naɗe shi a farin ƙyalle na mayar. Tambarin gammon kuwa Gwaggo ta ce in tafi da shi.