Talata a Garwa: jadawalin talabijin ya shigo aljihuna

Zafin Afrilu ya kai inda ya kai, ko daga wajen Binuwai iska ba ta motsi. Da azahar ɗan ƙanwata ya biyo daga makaranta, na ce yau ba inda za shi sai ya koya mini abin nan da yake yi da waya. Tun asuba masu shan shayi ke tambayata ƙarfe nawa za a buga ƙwallo, ni mai talabijin ɗin kuma sai raba ido. Rimot na da maɓallin da ke nuna jerin shirye-shirye, amma akwatin a kulle yake a ɗaki sai yamma nake fito da shi.

Ya shiga Play Store zai sauke manhajar kamfanin talabijin ɗin da nake biya duk wata, waya ta ce ba wuri. "Kawu, duk wannan bidiyon na mene ne?" Wa'azi ne da bukukuwa da aka yi ta turo mini a WhatsApp. Muka share, ban da na sunan jikata.

Da manhajar ta buɗe, sai ga tashoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace da abin da take nunawa yanzu da wanda zai biyo baya. Yatsana ya saba da hannun buta, in na nufi tasha ɗaya sai ta kusa da ita ta buɗe. Yaron ya ƙara mini girman rubutu, abin ya yi sauƙi. Komai da Faransanci, nawa kuwa na kasuwa ne, amma lamba ba ta da yare: in ta wuce 12 ka cire 12. Labaran CRTV, tashar gwamnatinmu ta Kamaru, na Faransanci 20h30, takwas da rabi ke nan. Na Turanci 19h30, daidai lokacin da muke shirin sallar isha'i, shi ya sa ban taɓa sanin da su ba.

Ana cikin haka musu ya kaure a benci. Wani mai babur ya rantse wasan Zakarun Turai na yau ƙarfe tara ne, ga shi a wayarsa. Tawa ta ce takwas. Yaron ya karɓi tasa ya duba, ya yi dariya. Shafin da ya buɗe don mutanen Faransa aka rubuta shi. Su daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, mu da Najeriya da Chadi ba ma taɓa namu. To a watannin nan 21h na Paris takwas ne a Garwa, da hunturu kuma mu zo daidai. Ni dai har yanzu ban ga hikimar mutum ya tashi cikin dare ya murɗa agogo ba, amma ƙasarsu ce. Mai babur bai yarda ba sai da aka sa shayi da madara a tsakani.

Na tashoshin Hausa irin Arewa24 ba ya buƙatar lissafi, lokacin Kano namu ne. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce in riƙa duba mata nata kafin in fita.

Dabarar da ta fi burge ni ta kuɗi ce: in buɗe data da safe, in ɗauki hoton allon, in rufe. Mai tambaya in nuna masa hoto.

Takwas daidai alƙali ya hura usur, benci ya cika har wasu na tsaye, mai babur ya biya shayinsa yana ƙunƙuni. Burodi ya ƙare kafin hutun rabin lokaci. Gobe ma akwai wasa, na aika wa mai gidan burodi ya ƙara mini.