Daga Bauchi zuwa manyan filayen ƙwallo: aikin da na gada a hannun kawuna

Sana'ata ita ce ɗaukar masoya ƙwallon ƙafa daga Bauchi in kai su manyan birane su kalli wasa ido da ido, sannan in dawo da su gaban iyalansu lafiya. Ina da bas uku masu cin mutum 18, da direbobin da na zauna a gefensu na ga tuƙinsu kafin in damƙa musu makulli. Wasu na ɗauka aikin bai wuce a sha mai a kama hanya ba, amma duk wanda ya taɓa isa ƙofar fili a makare, ya tsaya a waje yana jin ihun an ci ƙwallo, ya san cewa abin da ake biya a wurina ya wuce kujerar mota.

A hannun kawuna na koyi aikin, ina yaron motarsa. A 2009, da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Bauchi na cikin garuruwan da aka buga wasanni, a filin Abubakar Tafawa Balewa, kuma garin ya ɗauki zafin ƙwallo sosai. Da yaranmu suka kai wasan ƙarshe da Suwizalan a Abuja, kawu ya cika motarsa da matasan unguwa. Tun ƙarfe uku na dare ya tashe ni, ya sa na haska masa tocila yana duba man birki, yana bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, har safaya bai bari ba. Da muka wuce Jos muka iso Hawan Kibo, sai ya rage giya, ya kashe rediyo, ya ce da ni: "Ɗana, dubi ƙafata, kada ka dubi hanya. Wanda ya dogara da birki kaɗai a gangaren nan, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya bar shi." An ci mu ɗaya da nema a ranar, motar ta yi tsit a hanyar dawowa, amma darasin gangaren bai taɓa barin kaina ba, kuma har yau babu direban da nake ɗauka sai mun sauka Hawan Kibo tare.

Tafiyar da muka fi yi ita ce ta Kano, musamman idan ƙungiyarmu ta Bauchi, Wikki Tourists, za ta kara da Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da an idar da sallar asuba muke tashi, mu bi ta Ningi da Birnin Kudu, mu haye gadar Wudil, domin mu shiga gari kafin cunkoson Mariri da Hotoro ya cinye mana lokaci. A bayan kowace mota akwai kula cike da masar Bauchi da ƙuli-ƙulin yaji da ruwan sanyi, saboda tsayawa sayen abinci a kowane gari shi ne yake kashe tafiya. Kwana ɗaya kafin wasa nakan tura yarona ya gano ƙofar da baƙi za su shiga, da masallacin da za mu yi azahar da la'asar, da inda za mu ajiye mota. Kafin a sauka kuma nakan tsaya in yi wa matasa magana ƙarara: Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, magoya bayanta ba da wasa suke kiran "Sai Masu Gida" ba, don haka a yi murna idan an ci, amma ban da tsokana, ban da zagin alƙalin wasa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu shigowa harkar rana ɗaya idan babban wasa ya zo. Mutum zai ari mota, ya karya farashi, ya cusa mutum 22 a inda 18 ke zama, ba safaya, ba jerin sunaye, ya tashi da hantsi. Sai fasinja ya zo mini yana cewa, "Alhaji, a yi mana ragi mana, ga wancan ya fi ka araha." Nakan ce masa ya je ya duba tayar wancan ɗin tukuna ya dawo mu yi ciniki. Sau biyu ina kwaso mutanen irin waɗannan motoci a bakin titi, mota ta mutu, direba ya ce zai nemo makanike ya yi ɓatan dabo. Su ne kuma suke jefa mutane hannun 'yan cuwa-cuwar tikiti, a sayar musu da jabu a bakin ƙofa.

Ranar da na fi ganin amfanin tsarinmu ita ce 29 ga Maris, 2022, da Najeriya ta karɓi Ghana a filin Moshood Abiola na Abuja, wanda ke ɗaukar mutum sama da 60,000. A wasan farko an tashi ba ci a Kumasi ta Ghana, don haka ranar za a san mai zuwa gasar cin kofin duniya a Katar. Mun shiga tun rana tana tsaka, na zaunar da mutanena wuri ɗaya kusa da hanyar fita, motocin kuwa na ajiye su nesa da ƙofa, hancinsu na kallon titi, kamar yadda kawu ke yi. Thomas Partey ya fara ci wa Ghana, William Troost-Ekong ya farke wa Najeriya da bugun fenareti, aka tashi kunnen doki, Ghana ta wuce da ƙwallon da ta ci a waje. Tun kafin a busa tashi na ga yadda fuskoki suka canza, na bi layi ina taɓa kafaɗar kowa. Wani dattijo da ya zo da jikansa ya ce, "Malam, a bar mu mu ga ƙarshe," na riƙe hannun yaron na ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu tafi." Lokacin da 'yan kallo suka fantsama cikin fili aka fara fashe-fashe, mu muna bakin mota ina kiran suna daga takarda, mutum 54 cif, babu wanda ya ɓace.

A daren ban yarda mun kama hanyar Jos ba, domin ba na hawa Kibo da duhu da direban da ya wuni a rana. Mun kwana a Keffi, muka tashi da asuba, kafin la'asar na sauke dattijon nan da jikansa a ƙofar gidansu da ke Wunti.