Kafin ka danna sitata

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan ƙanena ya kira ni, wai in zo in ga abin da ya samo. Na iske shi tsugune gaban wani tsohon Honda Gold Wing, irin manyan baburan nan na doguwar tafiya masu akwatuna gefe da gefe. Ƙura ta lulluɓe shi, tayoyi sun zauna, kujera ta tsage har soso ya leƙo. Ga sabon batir a gabansa, ya riga ya cire murfin gefe yana neman inda zai ɗaura waya, wayar salularsa kuma tana jingine tana ɗaukar bidiyo. Ya ce, "Baffa, so nake ka ji kukansa na farko." Ban san lokacin da na fizge sifanar daga hannunsa ba. Ransa ya ɓaci. Ni kuwa jikina rawa yake, don abin da yake shirin yi shi na yi, kuma har yau ban gama biyan kuɗin kuskuren a zuciyata ba.

Nawa ma Gold Wing ne, samfurin GL1100, mai silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, inji mai cc 1085 da ruwa ke sanyaya shi, ba shi da sarƙa sai farfela kamar mota. Na same shi ya shekara da shekaru a ajiye ƙarƙashin tamfol. Wanda ya sayar mini bai san komai a kansa ba, shi ma a hannun wani ya karɓa. A makon farko abin da na sa a gaba shi ne kyau. Na sayo samfefa na goge akwatunan nan tas, har da tarin sitika da ke manne a jikinsu, na wurare daban-daban da babur ɗin ya taɓa zuwa. Ko karanta su ban tsaya yi ba. A idona datti ne. Na fesa baƙin fenti, na goge salansa har tana ɗaukar ido, na canza baƙin mai da fulogi, na zuba sabon fetur a kan tsohon da ya riga ya zama kamar ƙaro a cikin tanki, na danna sitata.

Ya tashi kuwa. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, da ya ƙi tashi da na tsira. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya daidaita, ni kuma na dinga murɗa masa wuta ina jin kaina a sama. Ba a yi minti goma ba na ji wani ƙas daga gaban inji, sai shiru. Injin Gold Wing na wancan zamani yana da bel biyu na roba a gabansa, bayan lagireto, su ke haɗa juyawar fistin da buɗewar bawul. Roba kuwa tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Bel ɗaya ya tsinke, fistin ya tarar da bawul a buɗe, ya lanƙwasa su. Aikin yini ɗaya da kayan da ba su taka kara sun karya ba ya koma sauke kan inji da neman kayan da aka daina ƙerawa tuntuni.

Zan ɗan kare kaina a nan. A lokacin ba ni da wanda zai gaya mini. Baburan da na saba da su ƙanana ne, masu silinda ɗaya, waɗanda in sun kwana biyu sai ka wanke kabureta ka buga kik su tashi. Wa zai kawo a ransa cewa akwai bel ɓoye a cikin injin babur? Makanikin da na tambaya ma ce mini ya yi in tayar kawai mu ji. To amma in na faɗi gaskiya, ko an gaya mini da wuya in saurara. So nake a gan ni a kansa kafin ƙarshen wata. Murfin bel ɗin nan kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, na gan shi, na goge shi da tsumma har yana sheƙi, ban buɗe ba.

Sai bayan da inji ya mutu, ina kwance kaya cikin takaici, na buɗe abin da kowa ke zato tankin mai ne. A Gold Wing wannan ba tanki ba ne, tankin gaskiya yana ƙarƙashin kujera, wannan kuwa rumfa ce ta matatar iska da wayoyi da ɗan wurin ajiya. A can ciki na tarar da wani ɗan littafi da danshi ya kumbura, rubutun hannu da biro, da Turanci. Mutumin ya rubuta duk ranar da ya canza mai, duk taya, duk birki, da adadin mil a gefe. Shafin ƙarshe da ya yi rubutu a kai jerin ayyukan da yake niyyar yi ne, na farko a ciki canza bel. Bai sa masa alamar an yi ba. Daga nan sauran shafukan farare ne. Ban san me ya same shi ba, ciwo ne, ko rasuwa, ko dai rayuwa ce ta juya. Abin da na sani shi ne ya bar mini gargaɗi a wurin da hannuna ke dafawa kullum, ni kuma ina can ina fenti.

Littafin ne ya sa na koma kan lambar shasi da ke wuyan babur. Daga 1981 lambar nan ta zama haruffa da alƙaluma 17, kuma tana magana. Tawa ta fara da 1HF, wato a masana'antar Honda ta Marysville da ke jihar Ohio a Amurka aka haɗa shi, waɗanda aka ƙera a Japan kuwa da JH2 suke farawa. Harafi na goma C ne, shekarar 1982 ke nan. Daga nan sai hanya ta yanke. Sitikun da za su nuna mini inda ya bi, ni na kankare su da hannuna. Wani lokaci ina haska tocila a jikin akwatin, a ƙarƙashin fentina ana ganin ɗan tudun inda guda ɗaya ta ƙi fita gaba ɗaya.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma sha wani abu, ku matasa, amma na san ba za ku karanta ba. Bidiyon minti ɗaya kuka saba da shi, inda ake jawo babur daga rumbu a watsa masa ruwa ya tashi, ba a nuna muku abin da ya faru washegari. Don haka ga kaɗan. Kar ka sa batir. Ka bincike kowane lungu da aljihu na babur ɗin tukuna, ka ɗauki hoton kowace sitika da kowace lamba, tunda dai wayar ba ta barin hannunka, ta yi amfani ko sau ɗaya. Ka canza bel ko da ya yi maka kama da sabo. Ka cire fulogi, ka ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, ka juya inji da hannu. In ya ƙi juyawa, kar ka tilasta.

Birki da taya kafin fenti. Man birki yana shan danshi, ya ci ƙarfe daga ciki, babur mai nauyin da ya haura kilo 250 kuwa ba a tsayar da shi da ƙafa. A gefen taya, ƙarshen lambar da ta fara da DOT, akwai alƙaluma huɗu na mako da shekarar da aka yi ta. In uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, a jefar ko da zanenta bai taɓu ba.

Kar ka sayi babur marar takardu, wahalarsa ta fi ta inji, kuma ba ka san ko na sata ba ne. Na san nawa ma da guntun rasit kawai na karɓe shi, kuma da za a mayar da ni wannan ranar, da zan sake karɓa. Ku dai kar ku yi. Kuma ku bi a hankali, sauri shi ke haifar da nawa. Amma kar a ce a hankali ya zama irin nawa, da na yi fushi na rufe shi da tamfol shekara uku, na mayar da shi halin da na same shi.

Ɗan ƙanen nawa dai bai yi mini magana ba har kusan awa guda. Daga baya ya kashe bidiyon, ya miƙo mini tocila, muka kwance murfin gaba tare. Bel ɗin hagu duk ya tsattsage ta ciki, da na lanƙwasa shi da yatsa sai ga zare a fili. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Baffa, ina ka ce aka samu littafin nan naka?" Na nuna masa makullin rumfar da ke gaban kujera, ya tashi neman mabuɗi.